Ranar da Darakta Ya Kwanta Gawa

Babu wanda mijina bai kashe ba a ƙungiyarmu ta wasan daɓe. Ya kashe Kafinta ya fi a ƙirga, ya kashe Malama, ya kashe ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, ni kaina da nake ba ku labarin nan ya taɓa kashe ni tun ina budurwa. A kan dandamali nake nufi, kada wani ya zabura ya kira 'yan sanda. Shi ya kafa ƙungiyar, shi yake ƙirƙiro labari, shi yake raba wa kowa abin da zai fito a kai, shi ya sa kowa Darakta yake ce masa. Ni ma haka nake kiransa a gida idan ya ɓata mini rai.

Bai taɓa shirya wasan da ba a mutu a cikinsa ba. Ba mutuwar ce ta dame shi ba, kukan yake so. Allah ya yi masa murya, wannan kam ko maƙiyinsa ba zai musa ba. A ɗakin taron unguwarmu muke wasa ranar Asabar da yamma, ɗaki mai rufin kwano da dogayen benci, fanka ɗaya ce take juyawa, ita ma sai ta ga dama, lasifika kuwa ba mu taɓa mallaka ba. Amma idan Darakta ya durƙusa a kan gawa ya buɗe maƙogwaro, har masu gyaran babur da ke tsallaken titi sai sun ajiye sufana sun saurara. Mata su yi ta sharɓar kuka, maza su yi ta gyara zama suna kallon rufi.

Mu ba ma rubuta wasa. Zama muke yi a kan benci, ya ba mu labarin da baki, ya ce ke ce uwar, kai ne ɗan, kai kuma a nan za ka mutu, sauran magana kowa ya cika da bakinsa. Saboda haka babu wanda ya san tsawon kukan Darakta, har shi kansa. In ya ga 'yan kallo sun fara share ido sai ya ƙara, in sun ƙara shi ma ya ƙara. Ita kuwa gawa tana nan shimfiɗe a kan siminti, zufa na shiga mata kunne, ƙuda na yawo a kan hancinta, ba halin ta ɗaga ko ɗan yatsa.

Don akwai doka. Ita kaɗai ce dokar da ba ta da roƙo a ƙungiyar nan: gawar da ta motsa kafin labule ya sauka, ta sauka ke nan daga dandamali, ba za ta sake hawa ba. Kada ku ɗauka barazana ce. Ƙaninsa, wanda muke kira Auta, yana cikin gwanayenmu a da, har wasu na cewa ya fi yayan nasa iya ban dariya. Wata rana yana kwance gawa, Darakta na tsakiyar kuka, ƙura ta shiga masa hanci ya saki atishawa. Ɗaki ya kwashe da dariya, wani ɗan iska daga baya har da yi wa gawa sannu da tashi. Surukata, Allah ya jiƙanta, ta kira Darakta ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta yi fushi, ya ce mata doka doka ce. Tun daga ranar Auta igiyar labule yake ja. A gindin igiyar nan ya yi furfura, yana kallon wasu suna lalata abin da ya fi su iyawa.

Ni dai ban motsa ba, kuma ina so a san da wannan. Ina sabuwar shiga ya sa ni 'yar wani attajiri da zazzaɓi ya ɗauke, aka shimfiɗe ni, ya durƙusa a kaina ya yi ta kuka har ƙafata ta sage. Can sai na ji ya kauce daga labarin. Ya ce, "Wayyo, da kin rayu, da jibin nan na turo iyayena gidanku! Da kin rayu, ko babanki zai sako mini jan karen nan nasa ba zan fasa ba!" 'Yan kallo suka ɗauka wasa ne. Ni kuwa na san babu kare a labarin, a gidanmu jan karen yake. Dariya ta cika mini ciki, kunya ta rufe ni, zuciyata na dukan uku-uku, amma ko gezau ban yi ba. Da labule ya sauka na tashi na ce masa ba shi da kunya. Ya ce ai ya lura ban ce a'a ba. Ga mu nan yau har da jikoki.

Bara ne muryar ta fara gardama. Da farko ya ce mura ce, daga baya ya ce Kafinta ne yake cika ɗakin da ƙurar katako. Sai da ta kai ya durƙusa a kan gawa ya buɗe baki, abin da ya fito kamar ana jan buhu a ƙasa, sannan ya yarda muka je asibiti. Likita ya ce wani abu ne ya tsiro a maƙogwaron, sai an yi aiki. Aka yi, Allah ya ba da sa'a, aka sallame mu da tabo a wuya da wata 'yar raɗa a madadin murya, wadda sai ka kai kunnenka dab da bakinsa za ka ji. Ni likitan ya ja wa kunne, don ya lura majinyacin nasa ba ya ji. Ya ce ya huta, kada ya tilasta wa maƙogwaron, in ba haka ba ita ma raɗar sai ta tafi.

Hutu? Darakta? Ɗinkin bai gama warkewa ba na nemi mutum a ɗaki na rasa. A ɗakin taro na same shi, ya tara 'yan ƙungiya a kan benci yana dukan ƙasa da sanda, bakinsa na motsi, su kuma sun zuba masa ido kamar masu kallon talabijin da aka kashe wa sauti. Da ya gan ni sai ya yafito ni, ya jawo kunnena ya raɗa mini abin da yake son faɗa, ni kuma na faɗa musu da ƙarfi. Haka na zama bakinsa.

To, ni ma fa ba rediyo ba ce da za a zuba mini magana in fitar da ita yadda aka zuba. In ya raɗa mini, "Gaya wa Kafinta yana tafiya kamar saniyar da ta ci ta ƙoshi," sai in ɗaga murya in ce, "Darakta ya ce madalla, amma ka ɗan riƙa ɗaga ƙafa." In ya ce a maimaita fitowar nan har rana ta faɗi, in ce Darakta ya ce kowa ya gaji, a tashi haka nan. Ya harare ni, ya buga sanda, ya sake jawo kunnena, in ce, "Ya ce kuma a gaida mutanen gida." Duk sun gane, babu dai wanda ya nuna. Ba a taɓa jin daɗin atisaye a ƙungiyar nan kamar a watannin nan ba.

Amma ni hankalina bai kwanta ba. Ko da ni ce bakinsa, idan wani ya yi shirme sai ya manta, ya yunƙura zai daka tsawa, jijiyoyin wuyansa su tashi, tari ya sarƙe shi har idonsa ya kawo ruwa. Mu koma gida in haɗa masa ruwan ɗumi da zuma ina masifa, shi kuma ya riƙe kofi da hannu biyu yana kallon bango. Tsoro nake ji, gaskiyar magana ke nan. Ina tsaye aka tura shi a gadon asibiti mai taya aka rufe ƙofa a fuskata, kuma ba na son in sake ganin haka.

Ana cikin haka ya zo da sabon wasa: wani tsoho mai taurin kai ya mutu, nasa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa kuka. Tun kafin ya raba wa kowa nasa, Kafinta ya ɗaga hannu.

"Darakta, in ni ne zan kwanta, don Allah a taimaka a shimfiɗa mini wani abu. Bayana ya gaji da simintin nan."

Darakta ya girgiza kai, ya nuna ƙirjinsa da yatsa. Mutumin da bai taɓa kwanciya gawa ba tun da aka kafa ƙungiyar! Ya jawo kunnena ya ce, "Gawar ce kaɗai ta rage mini wadda ba ta buƙatar murya." Wannan karon ban isar musu da saƙon ba. Da sanda ya ƙarasa rabon: Kafinta aminin mamaci, Malama 'yarsa, ni matarsa.

A gida na tare shi. Na ce, "Darakta, ka ji tsoron Allah. Yau gawa, gobe ka ce gawar ma tana da ɗan jawabi. Na san ka."

Ya raɗa mini cewa gawa ba ta magana.

"Kai ɗin? Kai da ko a barci kake gyara wa mutane tsayuwa? Ba za ka iya kwanciya shiru ana wasa a kanka ba."

Ya sha mur, ya ce shi ya kafa dokar, shi ya fi kowa iya bin ta. Na ce to mu yi alkawari. In ya motsa, ba dandamali kaɗai zai bari ba, har atisayen da sandar da komai, ya dawo gida ya zauna ya yi jinyar maƙogwaronsa. In kuwa bai motsa ba, na cire bakina, ya yi ta wasansa har ranar da Allah ya yi. Ya daɗe yana kallona, don ya san abin da zai rasa. Ban da ɗakin taron nan ba shi da wurin zuwa, ko majalisar hira ba ya zama. Amma girman kai ya ja shi, ya miƙo hannu muka tafa.

Washegari na ɗauki mayafina na bi 'yan ƙungiya ɗaya-ɗaya, mu haɗa baki mu sa gawar nan ta motsa. Kafinta na same shi a rumfarsa yana goge ƙafar kujera. Da ya ji abin da ke tafe da ni sai ya ajiye aikin, ya share hannu a riga.

"Matar Darakta, kin san irin cizon tururuwar da na sha saboda mijinki? Akwai ranar da barci ya ɗauke ni a kwance, na farka har lokacin yana kuka. Ki bar mini tafin ƙafarsa."

Malama, wadda ke koyarwa a firamare, ta ce ita ba ta iya mugunta ba, amma idonta sai ƙyalli yake yi. Na ce ba mugunta za ki yi ba, duk abin da ya taɓa hana ki yi a dandamali, shi za ki yi ranar. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Auta kuwa cewa ya yi, "Matar Yaya, labule dai a hannuna yake. Kuma igiyar nan ta tsufa, wani lokacin sai ta maƙale."

Nawa makamin ban gaya wa kowa ba. Akwai wani kuka da Darakta ya yi suna a kansa, kukan uba a kan ɗansa, wanda har yaran unguwa sun haddace. Na yi niyyar shi zan ɗauko in yi a kansa, in faro daga ƙarshe, in cusa tsakiya a farko, in ja numfashi a inda ba a ja. Na san ko a ina yake sai ya tashi ya gyara mini.

Shi ya ma sauƙaƙa mana. Ya ce gawa ba ta buƙatar atisaye, ya sa aka lulluɓe matashin kai a madadinsa. Muka yi ta yi wa matashin nan kuka mai ladabi, yana zaune yana gyaɗa kai, ya ɗauka tarbiyyarsa ce ta kama mu.

Ranar Asabar ɗakin ya cika har taga, don labari ya bazu cewa yau Darakta ne da kansa zai kwanta, kuma babu wanda bai san dokar ba. A bayan labule ni na shafa masa farar hoda da hannuna. Kafinta ya ƙera masa gado na musamman, ya ce Darakta guda ba zai kwanta a siminti ba, sai da ya kwanta aka ga gadon ya gaza, ƙafafu sun leƙo waje tsirara. Na ja masa farin zane har gindin wuya. Kafin ya rufe ido sai da ya kashe mini ɗaya.

Labule ya tashi. Kafinta ya shigo da ihu, bai zarce ko'ina ba sai wurin ƙafafu. Ya rungume su, ya kifa fuska, ya shiga goga gemunsa a tafin ƙafar yana kururuwa.

"Wayyo aminina! Ƙafafun da suka yi tafiya! Wayyo wannan babban yatsa, da shi kake nuna mini hanya! Wayyo ɗan ƙaramin nan, marayan Allah!"

Haka ya bi yatsun nan yana yi wa kowanne ta'aziyyarsa, gemu na aiki. 'Yan kallo suka gano abin da ake ciki, ɗaki ya ɗauki dariya, wasu har da miƙewa tsaye don su ga ƙafar da kyau. Ni ina leƙe daga gefe. Mutumin da ko sauro ya sauka masa a ƙafa sai ya yi tsalle, yau ko yatsa ɗaya bai lanƙwasa ba. Kafinta ya fito yana haki, zufa ta jiƙa masa riga, ya ce da ni, "Wannan mijin naki ba mutum ba ne, katako ne. Katakon ma busasshe."

Sai Malama. Ta shigo ta inda aka ce bango ne. Ta tsaya ta juya wa 'yan kallo baya, abin da Darakta ya fi tsana a duniya, ta shiga kuka ƙasa-ƙasa har na bayan ɗaki suka fara ihu, "Ba ma ji! A ɗaga murya!" Tana tsakiyar "Wayyo Baba" ta tsaya cak, ta dafa goshi ta ce, "Af, me ma zan ce?" Daga nan wayarta ta yi ƙara a jaka, ta ciro ta amsa, ta ce tana wurin makoki amma ba za ta daɗe ba, a ɗora ruwa kafin ta dawo. Ina ganin jijiyar wuyan Darakta ta tashi ta yi tsaye, kunnensa ya yi ja duk da hodar. Na ce a raina, yauwa, taso mana, taso ka koya mata. Ina! Jijiyar ta kwanta, shi bai tashi ba.

Malama na fita Auta ya saki igiya. Labule ya taho yana ƙara, mutane suka fara tafi sun ɗauka an gama, sai ya tsayar da shi a daidai gwiwa. Duk wata gawa da ta ji ƙarar nan da tafin nan miƙewa take yi. Amma akwai ƙarfe a gindin labulen da ke bugun ƙasa idan ya sauka, kuma Darakta da hannunsa ya ɗinka shi a ciki. Bai ji bugun ba, bai motsa ba. Auta ya ja labulen sama yana girgiza kai, na ji ya ce, "Kai, Yaya!"

Saura ni. Na gyara ɗaurin ɗankwali na shiga, na durƙusa a gefen gadon, na ɗauko kukan nan nasa daga wutsiya kamar yadda na shirya. Masu haddar suka fara ƙyalƙyala dariya tun daga layin gaba. Na ja numfashi a inda ba a ja, na sunkuya in ga yadda fuskarsa take ɗaukar abin.

Kuskuren da na yi ke nan. Ni na shafa masa hodar, na sani. Na san yana jina, na san numfashi yake yi a hankali ta yadda zanen ba zai ɗaga ba. Amma daga inda na durƙusa sai na ga yadda kumatunsa suka faɗa tun bayan aikin nan, ga tabon ya leƙo ta saman zanen, ga bakin da bai taɓa rufuwa ba a rufe ruf. Duk zamanmu ban taɓa ganin fuskarsa shiru haka ba. Kawai sai na ji a jikina cewa wata rana haka za a kira ni in durƙusa, haka zan same shi, kuma ranar babu ƙarfen da zai bugi ƙasa ya tashi ya kakkaɓe riga.

Kukan uba a kan ɗansa ya ɓace mini kakaf. Dariyar ɗakin ta ragu, ta ragu, har ina jin fankar nan tana juyawa.

"Tashi," na ce, ba da muryar wasa ba. "Don Allah ka tashi. Ni ban yarda ba. Ka tashi ka ce na ɓata maka wasa, ka harare ni, ka buga sandar. Ko raɗar ce ka bar mini, wallahi ta ishe ni. Wa zan yi wa masifa? Wa zan haɗa wa ruwan zuma yana yamutsa fuska? Kai ka ce da na rayu za ka turo gidanmu. Na rayu, ka turo. To kai ma ka rayu mana!"

Kuka ya ƙwace mini, ba irin na dandamali mai tsari ba, mummuna, mai majina. Na kifa fuskata a gefen gadon, hannuna ya zame ya shige ƙarƙashin zanen. A nan na ji yatsunsa sun lalubo nawa sun damƙe, babban yatsansa na shafa bayan hannuna a hankali, yadda ya yi mini a asibiti kafin a tura shi. Zane ya rufe hannun, jikina ya kare zanen, babu wanda ya gani. Amma gawa ta motsa. Gemun Kafinta bai motsa ta ba, shirmen Malama bai motsa ta ba, kukana ne ta kasa jurewa.

Auta ya saki igiyar gaba ɗaya, ƙarfe ya bugi ƙasa. Tafin da aka yi ranar, rabon da rufin kwanon nan ya ji irinsa tun Darakta na da murya.

A bayan labule ya tashi zaune a bakin gadon, zufa ta yi wa hodar layi-layi, bai kalli kowa ba. Kafinta ya zube a ƙasa ya ce mun sha kaye. Malama na fyace hanci. Auta ya matso yana goge ido da hannun riga.

"Matar Yaya, ke kika fi kowa kusa da shi. Ya motsa?"

Na ci nasara, kun gane? Kalma ɗaya zan faɗa in kwashi mijina mu tafi gida, in kulle maƙogwaron nan in ajiye. Kafin in buɗe baki ya jawo mayafina, ya kawo bakinsa kunnena.

"Gaya musu na motsa," in ji shi. "Doka doka ce."

Ya saki mayafin, ya shiga bin wurin da kallo: labulen da muka haɗa da tsofaffin zannuwana, bangon kwali, sandarsa da ke jingine a kusurwa, sannan ƙaninsa. A kan Auta idonsa ya tsaya, ya kasa ɗaukewa. Ni kuwa fuskar nan nake tunawa, wadda na gani yanzun nan a rufe ruf. In na kai shi gida na zaunar, ita zan riƙa gani kullum a kan kujera tana kallon bango, da ransa da lafiyarsa. Tsorona bai tafi ba, yana nan har yau. Amma na ga abin da ya fi shi ban tsoro.

Na miƙe, na gyara murya, na ce, "Darakta ya ce atisaye ranar Litinin, wanda ya makara ya kuka da kansa."

Kafinta ya yi kabbara. Darakta ya fizgo mayafina har ɗankwalina ya karkace, ya raɗa mini da zafi. "Ba haka na ce ba!"

"Ya ce kuma," na ƙara ɗaga murya, "Auta, ka nemi wanda za ka koya wa jan igiyar nan, don wasa mai zuwa da kai a dandamali."

Babu wanda ya yi motsi. Auta ya dube ni, ya dubi yayansa, hannunsa har lokacin riƙe da igiyar. Ya san halina sarai, ya san ba kullum abin da ya shiga kunnena ke fita ta bakina ba. Ya ce a hankali, "Yaya, haka ka ce?"

Darakta ya miƙa hannu, Malama ta ɗauko masa sandar. Ya juya ta a hannu, ya sake juyawa, sannan ya bugi ƙasa da ita sau ɗaya, yadda yake yi idan ya gama magana. Auta ya saki igiyar, ya juya ya ba mu baya, kafaɗunsa na girgiza, kuma yau babu wanda ya ce masa ba a juya baya.

A hanyar gida muna tafe a gefen titi, ya wanke fuska amma hoda ta maƙale masa a kunne. Mun wuce masu gyaran babur sai ya jawo ni ya raɗa mini cewa kukan ba laifi, amma na yi gaggawa, da na ƙara ja kaɗan tun da mutane sun fara share ido. Na ce masa ya yi mini shiru, likita ya hana shi magana.